Lanho da Gida a Ƙasar Arewa

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Bolbol ta ratsa Lido da Gesheme da Dumega har Tibiri zai lura da wani abu a gefen manyan garuruwan: filaye da aka yanka gida-gida, an kafa wa kowanne turakun siminti a kusurwoyinsa huɗu, wasu an ɗora musu bulo layi uku ko huɗu aka tsaya, cikinsu kuwa babu kowa sai tumfafiya da awakin unguwa. Kowane fili da mai shi, kuma da yawa daga cikin masu su ba su da niyyar kwana a ciki, bana ko baɗi. Sun saya ne su ajiye. A ƙasar da kakannin mutanen yau ba su san ana sayar da wurin zama ba, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma an saba danganta shi da yawan jama'a da kuɗin 'yan cin rani. Duka biyun gaskiya ne, sai dai akwai hannu na uku da ba a cika ambata ba, wato haraji. A ganina harajin da ya fi kowanne tasiri a kan gida da fili a wannan ƙasa ta Arewa, ƙasar Arawa da Gubawa da ke kwance cikin Dallol Mawri, ba a taɓa kiran sa harajin gida ba. Lanho ne, kuɗin kai, wanda aka ɗora wa mutum aka ƙyale abin da ya mallaka. Ɗora shi da aka yi ya farfasa babban gida, sauke shi kuma ya bar ramin da hukuma ke cikewa yau da yanka gonakin mutane tana sayarwa.

Kafin zuwan Nasara, iko a Arewa kashi biyu ne, kamar yadda Marc-Henri Piault ya bayyana a littafinsa na tarihin Mawri da ya fito a 1970. Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama, su ne masu ƙasa, kuma Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji ke riƙe da alkawarin da ke tsakanin mutane da iskokin daji. Arawa, masu danganta asalinsu da Barno, su ne masu sarauta, daga Matankari suke mulkin mutane, kafin sarautu irin su Tibiri da Takatsaba su kafu a kudu. Sarki yana da mutane, ƙasa kuwa ba tasa ba ce balle ya sayar ko ya sa mata kuɗi. Daji yana da yalwa, hannuwa ne suka yi ƙaranci. Baƙon da ya zo neman wurin zama murna ake yi da shi, a nuna masa inda zai kafa ɗaki da inda zai sare, in kaka ta yi ya kai damin gero gidan wanda ya ba shi don kada a manta asalin wurin. Arzikin maigida shi ne yawan waɗanda ke fita gandu tare da shi da safe. Ban da haka, tun daga tawayen Yakubu Nabame na 1849 Arewa tana ɓangaren Kabi a gāba da Gwandu, don haka ba ta shiga irin tsarin harajin masarautun daular Sakkwato ba, inda a Kano, alal misali, matafiyin nan Barth ya tarar a 1851 kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500. A Arewa akwai gaisuwa, akwai ganima, akwai damin kaka, amma babu littafin da ke cewa wane zai biya kaza kowace shekara, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Littafin ya zo ne bayan an gama jan layi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta Yunin 1898 ta mai da tsakiyar Dallol Mawri kanta iyaka, daga nan layin ya bi da'irar mil 100 daga Sakkwato. A Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙona Lugu. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tura iyakar gabas, aka bar wa Faransa Dogon Dutsi da Matankari da kwarin da Gesheme take, wani yanki na Arawa kuma, su Kangiwa, ya zauna hannun Ingilishi. Yadda lanho ke aiki ba shi da wuyar fahimta, kuma a nan mugun halinsa yake. Kumandan ko wakilinsa zai zo ƙidaya, a tara gari a gindin itace, kowane maigida ya jero mutanensa a rubuta. A ninka yawan waɗanda suka isa biya da kuɗin da gwamna ya yanka wa yankin, abin da ya fito shi ne bashin garin. Mai gari ne zai tara, sarki ya kai, a ba su ladansu daga ciki. Ba kowace shekara ake sake ƙidaya ba, saboda haka wanda ya mutu da wanda ya gudu suna nan a littafi, 'yan uwansu ke biya musu. Da farko ana karɓar gero da dabbobi da wuri, daga baya aka ce sai kuɗin Faransa. Lokacin karɓa kuwa da kaka ne, daidai sa'ar da gero ya fi araha, sai manomi ya sayar da dami uku don abin da dami ɗaya zai biya da bazara, ya dawo yana sayen nasa geron da tsada in rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya gaza, dokar 'yan ƙasa ta ba kumandan ikon tsare shi har kwana 15 ba tare da alƙali ya ji ba.

Me ya sa kai, ba gida ba? Ba don Faransawa ba su san harajin gida ba ne. A ƙasarsu tun 1798 suke karɓar kuɗi a kan ƙofofi da tagogi, ba su daina ba sai 1926, kuma sun ga yadda talaka ke toshe taga ya zauna cikin duhu don ya rage biya, kamar yadda aka yi a Ingila tsakanin 1696 da 1851. Sun kuma ga abin da ya faru a Saliyo a 1898, inda sule 5 da aka ɗora wa kowane ɗaki ya tayar da yaƙin Bai Bureh. Amma babban dalili shi ne sauƙi. Harajin dukiya yana bukatar ma'auni da taswira da ma'aikata, mulkin da ke riƙe da ƙasa mai faɗin Nijar da Turawa 'yan ƙalilan kuwa ba shi da ko ɗaya. Ingilishi a ƙetaren iyaka sun gwada ɗaya hanyar. Bayan kwamitin filaye na 1908 da dokar ƙasa ta 1910, wadda ta ce duk ƙasar Arewacin Nijeriya tana hannun gwamna a madadin jama'a, sai aka shiga auna gonaki da taki a Kano, ana ɗora kuɗi gwargwadon faɗi, ga kuma kuɗin gida a gefe. A takarda adalci ne. A gona kuwa tsawon takin malamin awo ya dogara da abin da aka damƙa masa a hannu, har daga baya a yawancin wurare aka koma yanka wa gari kuɗi dunƙule. Ke nan duka ɓangarorin biyu sun ƙare a kan ƙidayar mutane, amma bambancin nauyi da na aikin tilas ya isa ya sa ƙafa ta san inda za ta nufa.

Tasiri na farko ke nan: lanho ya sa gudu ya zama dabara, mai shirin gudu kuwa ba ya gina soro. Daga Gesheme zuwa ƙasar Ingilishi tafiyar yini ce ko ƙasa da haka, a can kuma dangi ne, harshe ɗaya, tsagar fuska ɗaya. Duk lokacin da aka matsa, ko da kuɗi, ko da ɗibar samari aikin hanya, ko da ɗaukar soja, sai unguwa ta wayi gari babu kowa. An ga haka tun tashin Kobkitanda a ƙasar Doso a ƙarshen 1905, wanda jagoransa Alfa Saibu ya tsallaka ya ƙarasa a Satiru a Fabrairun 1906. An fi ganinsa a yunwar 1931, bayan fara ta cinye amfanin yammacin Nijar, aka ci gaba da neman lanho cikakke a hannun mutanen da ke tonon gidan tururuwa, dubbai suka mutu, wasu dubban suka tsallaka, har mai binciken da Paris ta aiko, Bernard Sol, ya ɗora wa mahukuntan mulkin mallaka laifi mai yawa. Wani zai ce ai ɗakin kara da shuci ya girmi Nasara a Dallol, ƙasar rairayi ce, laka mai kyau ba ko'ina take ba, kuma manomin da ke barin gona ta huta dama ba ya kafewa wuri ɗaya. Haka ne. Ba lanho ya ƙirƙiro bukka ba. Amma a duba inda rarar manomi ke tafiya a shekarar da aka samu rara. Dabba tana da jangali, duk da haka ita ake saya, domin tana da ƙafa, ana iya kora ta daji ranar ƙidaya, ana iya tsallakar da ita dare ɗaya. Gida ba shi da ko dala ta haraji, amma ba ya tafiya, kuma katanga mai tsawo da azarar giginya shela ce ga mai gari da dogari cewa a nan za a cike giɓin waɗanda suka gudu. Harajin da bai taɓa gini ba ya hana gini fiye da yadda kuɗin taga ya yi a Faransa.

Tasiri na biyu ya fi zurfi, don shi ya shiga cikin gida ya zauna. A tsarin gandu akwai alkawari tsakanin uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa. Su ba shi ƙarfinsu yawancin kwanakin mako, shi kuma ya ciyar da su, ya yi musu auren fari, ya ba kowa gamanarsa da zai noma wa kansa. Da lanho ya zo sai ya hau kan wannan jeri, ya zama wajibin maigida. Polly Hill ta rubuta haka a Batagarawa ta ƙasar Katsina, Claude Raynaut kuma ya bi diddigin yadda neman kuɗin ya sassauta gandu a ƙasar Maraɗi, kuma babu dalilin da zai sa Arewa ta fita daban. A yi tunanin dattijo mai mutum goma sha biyu a katin iyalinsa. Gero yake da shi, ba kuɗi ba. Kuɗin yana aljihun yaron da ya tafi cin rani Sakkwato ko Ikko ko Kumasi, ko wanda ya shuka gyaɗa a gamanarsa. Shekara ta farko uban zai roƙa a taimaka. Shekara ta uku sai ya ce wa yaron, kai dai ka ji da kanka da matarka. Wannan magana ita ce takardar sallama, ko da ba a yi nufin haka ba. Wanda ke biya wa kansa lanho ya daina ganin dalilin ba gandu kwana huɗu ko biyar, zai nemi a fitar masa da gonarsa, a raba masa kati, daga nan sai danga ta ratsa tsakar gida, daga danga sai ƙofa ta biyu, daga ƙofa ta biyu sai neman wuri a bayan gari. Gida ɗaya mai mutum talatin ya koma gidaje biyar, kowanne yana son rumbunsa da makewayinsa da turken akuyarsa. Bukatar wurin zama ta ninka tun kafin yawan mutane ya ninka.

A wannan lokacin ne kuma gona ta fara samun farashi. Maigidan da dogari ke tsaye a ƙofarsa, ya riga ya sayar da akuya da zanen matarsa, abin da ya rage masa sai jingina. Ya karɓi kuɗi a hannun mai hali, ya ba shi gona ya riƙa nomawa har ranar da aka fanshe ta. Jinginar da aka kasa fansa shekara goma, in shaidu suka mutu, sayarwa ce da ba a kira sunanta ba. Masu karɓa kuwa su ne waɗanda tsarin ya ba kuɗi a hannu: masu sarauta da ke cin ladan tara lanho, tsofaffin sojoji masu fansho, 'yan kasuwar gyaɗa, daga baya ma'aikata. Faransawa sun kawo dokar rajistar fili tun 1906, suka sabunta ta a Yulin 1932, amma wannan ta 'yan birni ce da kamfanoni, ba ta taɓa isa ƙauye ba. Kasuwar ƙasa a Arewa ba daga ofis ta fito ba, daga ranar biyan lanho ta fito. 'Yancin kai na 1960 bai sassauta ba. Gwamnatin Diori Hamani ta hana karɓar zakkar gona da ushira da sarakuna ke yi, da dokar Mayun 1960, amma kuɗin kai ya ci gaba da hawa, domin sabuwar ƙasa tana da ma'aikata da za ta biya, abin da take da shi kuma manomi ne da gyaɗarsa da kamfanin SONARA ke saye. Har cikin farin da ya fara a 1968 ana bin mutane.

Sai abubuwa biyu suka faru a zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a Afrilun 1974. A Disambar wannan shekara ya yi shelar cewa duk wanda ke noma gona, ko ta wace hanya ta zo hannunsa, ta zauna gare shi. Kafin shekarun 1970 su ƙare kuma, da kuɗin yuraniyom na Arlit suka shigo, ya sauke jangali da babban kason kuɗin kai, aka bar ɗan abin da ake biya wa gunduma. A ƙetare ma Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a Kano da Kaduna bayan hawansu a 1979. Babu mai hankalin da zai yi kukan lanho. Sauke shi ya bar wa manomi geronsa, kuma kuɗin cin rani da a da ke wucewa kai tsaye hannun mai gari suka fara zama kwanon rufi da ƙyauren ƙarfe. Amma shelar gona ta koya wa masu ƙasa wani darasi da ba shi aka nufa ba: aro haɗari ne. Wanda a da zai ba baƙo wuri don Allah da damin kaka, yanzu yana tsoron kada wurin ya tafi ke nan. Gara ya karɓe, ko ya sayar ya ga kuɗinsa, ko ya kafa wani abu a kai da zai nuna nasa ne. Christian Lund ya nuna yadda rigingimun gona suka yi ta tasowa daga wannan shela a ƙasar Damagaram shekaru da yawa bayanta. Hanyar samun wurin zama kyauta ta fara toshewa daidai lokacin da kuɗin saye suka fara samuwa.

Kuɗin yuraniyom ba su daɗe ba. Farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ma'aikata suka yi ta bin gwamnati albashin watanni. Abin da gwamnatin Tandja Mamadou ta yi a farkon shekarun 2000 ya isa a tsaya a kansa: ta biya wani ɓangare na bashin albashin da filaye. Ma'ana, hukumar da ta rasa haraji ta gano tana da wata ma'adana, ita ce gonakin da ke kewaye da gari. Malamin makarantar da aka ba fili alhali shinkafa yake nema ya sayar da shi da araha ga mai kuɗi, filaye suka taru a hannun 'yan kaɗan, kowa kuma ya koyi cewa takardar fili kuɗi ce da ba ta ruɓewa. Da aka kafa ƙananan hukumomi, aka yi zaɓensu na farko a Yulin 2004, Gesheme ta samu magajin gari da majalisa da dogon jerin ayyuka, rijiyoyi da azuzuwa da ɗakunan haihuwa. Abin da aka ba ta ta yi su da shi kuwa jikan lanho ne, kuɗin kai na dala 140, wato sefa 700 a shekara, sai tikitin kasuwa da na dabbobi a wurare irin su Fadama. Dala 140 ɗin ma ba kowa ke biya ba, kuma zaɓaɓɓen da ke son a sake zaɓensa ba zai aika a kama akuyar mai ƙuri'a ba. Wace hanya ta rage wa ma'aikatar magajin gari, a nan ko a Dogon Dutsi ko a Doso, ta samun miliyoyi a dunƙule? Yanka filaye.

Ga yadda abin ke gudana. A zaɓi gonakin da ke bakin gari, a kira masu su a yi magana, mai awo ya zo da na'urarsa ya fitar da tituna da wurin makaranta da na masallaci, sauran a yanka. A ba mai gona kaso daga cikin filayen a matsayin diyya, hukuma ta sayar da nata, ta biya mai awo, sau da yawa shi ma da filaye. Mai gona yakan fita yana murna, don fili ɗaya a ranar ya fi kuɗin geron shekaru. Amma in aka kira abin da sunansa, haraji ne, kuma mai nauyin da lanho bai taɓa kaiwa ba: an karɓi babban rabo na dukiyar mutum ɗaya, sau ɗaya, don a gudanar da hukumar kowa. Wanda ya saya fa? Takardar da aka ba shi ta ce ya gina cikin wa'adi, amma ba a cika jin an ƙwace filin wani don bai gina ba. A aikace ba ya biyan komai a shekara. Alhajin da ke da fili ashirin a bayan gari da ɗan ga-ruwan da ke haya a ɗaki ɗaya, dala 140 ce a kan kowannensu. Ajiye fili ya fi ajiye sa, don fili ba ya cin dusa, ba ya ciwo, ɓarawo ba ya kora shi. Saboda haka mai kuɗi ba ya gaggawar gini ko sayarwa, saurayin da ke son ya fita daga gidan ubansa kuma sai ya tsallake filayen da ke kwance ya je can nesa inda babu famfo, hukuma ta sake yanka wasu gonakin don ta same shi.

Za a ce wannan ɗora wa haraji laifin haihuwa ne. Nijar tana cikin ƙasashen da jama'arsu suka fi saurin ƙaruwa a duniya, Dallol Mawri kuma, da ruwanta na kusa da fadamunta, ta daɗe da cika. Ko da wane irin haraji, fili zai yi tsada. Ban musa ba. Yawan jama'a ne ke sa farashi ya hau. Amma ba shi ke faɗin wanda zai ci ribar hawan ba, kuma ba shi ke bayyana fili kwance babu gini a garin da mutane ke cunkushe ba. In da yawan mutane ne kaɗai, da duk filin da aka yanka an gina shi. Za a kuma ce sefa 700 ba ta kai ta sauya halin kowa ba. Ai ƙanƙantar tata ita ce maganar. Lanho ya yi aikinsa da nauyi, jikansa yana yi da rashin nauyi, don shi ya bar hukuma da yunwar da ke sa ta cin gonaki.

Gwamnatin tsakiya ta san da giɓin, kuma yadda take lalube yana tuna wa mutum ƙofofi da tagogin Faransa. Dokar kasafin 2018, wadda majalisa ta amince da ita a Nuwamban 2017, ta kawo harajin mazauni, aka rataya shi a kan mitar lantarki, domin kamfanin lantarki Nigelec yana da jerin sunayen da ofishin haraji ba shi da shi. Aka yi ta zanga-zanga a Yamai da wasu birane, aka kama Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika a Maris 2018, suka yi watanni a tsare. A bar batun siyasa, a dubi inda irin wannan haraji ke sauka. Yana kan wanda ya gina ya ja wuta, ko ɗan hayan da ke zaune ciki, mai fili ashirin da babu ko ƙwan fitila kuwa ya wuce salin alin. Harajin kuɗin haya ma haka yake, a garin da ɗakuna suka yi ƙaranci mai gida zai juye shi a kan ɗan haya kafin wata ya ƙare. Ɗaya gefen kuma shi ne rangwame. Bayan ambaliyar daminar 2024 da ta rusa gidajen laka masu ɗimbin yawa, gwamnatin Janar Tiani ta yafe wa siminti wasu haraji a watan Oktoba, aka ƙayyade tan ɗaya a kan jika 55, wato sefa dubu 55, a Yamai. Wannan ya fi harajin mita ma'ana, don ya sauƙaƙa gini maimakon ya hukunta shi, kuma a yankin iyaka irin Arewa, inda buhun simintin Malbaza ke gogayya da na Kalambaina da ke ƙetare, ana jin bambancin nan da nan. Sai dai siminti mai araha yana amfanar wanda ya riga ya mallaki wurin zuba shi. In gini ya yi sauƙi masu neman fili za su ƙaru, mai fili ya ƙara kuɗi, wani ɓangare na abin da baitulmali ya yafe ya gangara aljihun wanda bai ɗora ko bulo ɗaya ba.

Abin da tarihin ke nunawa shi ne a sauke nauyin daga kan mutum da kan gini, a mai da shi kan filin da aka yanka aka bari kwance: kuɗi kaɗan a shekara, mai ƙaruwa ga wanda ya tara da yawa, banda gidan da mutum ke ciki, banda gonar da ake nomawa. Ƙorafin da ya fi ƙarfi a kan wannan shi ne na malamin taki. Duk harajin da ke bukatar awo da kimantawa yana buɗe ƙofar cin hanci, kuma mutanen da kakanninsu suka tsallaka iyaka don gudun littafin kumandan ba za su yi marhabin da sabon littafi ba. Tsoron yana da tushe, musamman in aka bari abin ya zarce kan gonaki. Amma filin da aka yanka ba gonar Kano ta 1910 ba ce. An riga an auna shi, yana da lamba a taswira, kuma ma'aikatar magajin gari da kanta ta rubuta sunan wanda ta sayar wa. Dokar karkara ta Maris 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, daga baya aka kai su har matakin ƙauye, an kuma kawo takardar mallaka mai sauƙi da ake kira Sheda a tsakiyar shekarun 2000. Kayan aikin da kumandan ya rasa har ya koma ƙidayar kawuna suna nan a yau, aƙalla ga filayen gari. Cikas ɗin yana wani wuri dabam: waɗanda za su zauna a majalisa su yanke wannan kuɗi, da 'yan kasuwar da suka taya su yaƙin zaɓe, da ma'aikatan da za su karɓa, galibi su ne sunayensu suka fi yawa a rajistar filayen.